Jiragen Baba Huɗu

Baba ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙa jirgin ƙasa. Da ya yi ritaya, sai ya fitar da kujerun ɗakin baya, ya ɗora faffaɗan katako a kan tebur biyu, ya shiga shimfiɗa nasa layin dogon. Ƙananan jirage ne, kan jirgi bai wuce tsawon tafin hannu ba, amma babu abin da babu: tasha, gada, fitila ja da koriya, har da tankin ruwa da ya yi da gwangwanin madara. Kawunan jirgi huɗu gare shi, kowanne da lambarsa. In ka danna lambar a rimot ka murɗa maɓallin gudu, shi kaɗai zai motsa, sauran suna tsaye.

Bayan ciwon da ya kwantar da shi bara, hannunsa na dama ya koma rawa. Ranar da ya fara komawa ɗakin ina tsaye a bayansa. Ya danna bakwai, lambar koren kan jirgin da ya fi so, ya zo zai murɗa kaɗan, hannun ya fizge. Jirgin ya kwasa a guje, ya tsallake kwana, ya faɗo ƙasa, bututun hayaƙinsa ya karye. Na liƙe masa shi. Bayan kwana biyu ya sake gwadawa, aka maimaita.

Bai yi faɗa ba. Ya ajiye rimot ɗin a hankali, ya ce wa yayata, “Ran Lahadi ki zo da kwalaye. A tattara a ba duk mai so.”

“Haba Baba,” in ji Yaya.

“Na ce ki zo da kwalaye.”

Daga ranar ya daina fitowa. Yana zaune bakin gado da rediyo a kashe. Wannan ya fi karyewar bututun damuna, don na san in jiragen suka bar gidan, babu sauran abin da zai tashe shi daga bakin gadon nan.

Ni ne auta. Gyaran rediyo da fanka nake yi a wani ɗan shago, karatuna bai yi nisa ba, amma in abu na da waya a cikinsa, yawanci muna fahimtar juna. Na buɗe cikin koren jirgin na tarar da wani ɗan faranti kamar farcen babban yatsa. Dikoda ake ce masa, shi ne ke riƙe lambar jirgin da yadda zai yi tafiya. A durowar Baba kuma na sami wani ɗan akwati mai waya, wanda ke haɗa layin da kwamfuta. Ya saye shi tun tuni bai ko ɓare ledarsa ba, don shi da kwamfuta ba sa ga maciji. Takardar da ke ciki ta fi ƙarfina, hotunan na bi. Abin da na gane shi ne, ana iya gaya wa dikoda ya riƙa tashi a hankali ko da an murɗa da ƙarfi, kuma a yanka masa gudu.

Yaya ta ara mini tsohuwar kwamfutarta, wadda batirinta ya mutu sai a jikin wuta.

“Auta, kai da ko saƙon waya sai ka goge sau uku?”

“Lambobi ne kawai, Yaya.”

“To, Allah ya ba da sa'a, injiniya.”

Ran Asabar da safe ban buɗe shago ba. Na maƙala wayoyi biyu a jikin layin, na jona akwatin, na zauna a kan bokiti kife. Akwatuna ne birjik a allon kwamfutar, kowanne da lamba a ciki. Na fi awa ina lalube da yatsa ɗaya kafin in gano uku da nake nema: na tashi, na tsayawa, da na iyakar gudu. Na ƙara wa biyun farko, na raba na ukun biyu. Sai na danna wurin da ke cewa a rubuta duka. Koren jirgin ya ɗan yi zillo, fitilarsa ta ƙifta. Na ga kamar sauran ukun ma sun ƙifta daga inda suke tsaye, amma murna ba ta bar ni na tsaya tunani ba.

Na je na durƙusa a ƙofar Baba.

“Baba, ku zo ku gwada sau ɗaya.”

“Na gama da wannan.”

“Sau ɗaya tak. In ya faɗo, ni zan ɗauko kwalayen da kaina.”

Yaya, da ta zo kawo masa magani, ta ce, “Ku je Baba, ko don kar ya kwana a ƙofar nan ya tare mana hanya.”

Ya taso yana dafa bango. Na miƙa masa rimot, ya danna bakwai. Hannun ya fizge kamar kullum, ya murɗe maɓallin har ƙarshe. Na ga ya runtse ido yana jiran ƙarar faɗuwa.

Shiru. Sai koren jirgin ya yi ɗan gurnani, ƙafafunsa suka juya sannu, tarago na farko ya ja na biyu, na biyu ya ja na uku. Baba ya buɗe ido.

Ban gama washe baki ba Yaya ta ce, “La! Su ma waɗannan ina za su?”

Duka huɗun ne suka tashi. Baƙin na kaya ya fito daga bayan tankin ruwa, jan ya bar tasha, ƙaramin ma mai jera tarago ya biyo sahu. Baƙin da koren kuwa mahaɗa ɗaya suka nufa. Ni na daskare. Baba ne ya miƙa hannun hagu ba tare da ya ko duba ba, ya ture ɗan ƙarfen sauya layi, baƙin ya karkata ta ƙarƙashin gada, koren ya wuce da tazarar da ba ta fi yatsa ba. Sannan ya kashe wutar bango.

“Kai Auta! A ina ka jona wayoyin nan?”

Na nuna masa.

“A babban layi? Da jirage duka a kai?”

“E, Baba.”

“To ai da duka ka yi magana! Duk ka mayar mini da su lamba bakwai.” Ya juya wajen Yaya. “Kin ji injiniyanki. Wa ya taɓa gyaran kan jirgi a babban layi? Layin gefe ake kai shi, shi kaɗai, a rufe hanya.”

Yaya tana ta dariya har da riƙe ƙofa. Ni kuwa na sunkuyar da kai, amma ina jin muryarsa, kuma rabon da in ji ta da ƙarfi haka tun kafin asibiti.

Ya sa na ɗauko guntun layi daga durowa na ɗora a kan taga, na mayar da wayoyin can. Ya ja kujera kusa da bokitina.

“Ɗauko baƙin. Lambarsa uku. Kuma wa ya ce maka jirgin kaya yana tashi kamar na fasinja? Mai tarago arba'in, sai ka ƙirga ashirin kafin na ƙarshe ya san an tafi.”

“Nawa zan sa?”

“Ni na san lambobinka? Sa mu gani.”

Na sa, muka mayar da shi layi, ya murɗa yana kasa kunne.

“Ya yi gaggawa. Ƙara.”

Na ƙara.

“Yanzu kuma ya zama malalaci. Rage kaɗan.”

Haka muka yi ta yi, ɗaya bayan ɗaya, shi da kunne ni da yatsa. Jan ya fi ba mu wahala, birkinsa sau tara muna sauya shi kafin ya tsaya daidai bakin tasha. Hannun bai daina rawa ba. Wani lokaci rimot ɗin har kaɗawa yake a cinyarsa, amma jiragen ba su sani ba.

Ran Lahadi Yaya ta zo da kwalaye uku, kamar yadda aka ce mata. Ta tsaya a ƙofar ɗakin baya tana kallonmu.

“A fara da wanne, Baba?”

Baba ya karɓi ƙaramin kwalin, ya juya shi, ya gwada tsawonsa da guntun layin da ke kan taga.

“Wannan zai yi rumfar gyara,” ya ce. “Auta, miƙo almakashi. Kai za ka yanka, ni zan nuna maka inda ƙofar za ta kasance.”