Gaisuwar Birai

Idon Hajiya ya sauka a kan 'yan kwalaben da ke jere a ƙofar firij, kusa da maganin tarin yaro.

"Wannan kuma wane yaji ne?"

Malama ta sunkuyar da kai. Yaya za ta gaya wa uwar mijinta cewa kashin biri ne? Wutar ofis ce ta lalace, ta taho da su gida kada zafi ya ɓata su kafin a auna a gane wane biri ne ya haifi wane.

"Na aiki ne, Hajiya."

"To, aikin nan ne ya kawo ni."

Aikin Malama shi ne sauraron kukan manyan biran daji. Ana naɗo muryoyinsu a kawo mata, ita kuma ta rarrabe na abinci da na tsoro da na kiran 'yan'uwa, don a san garke nawa ya rage kafin masu katako su gama da dajin. Abin sawa a kunne yana sa mata ciwon kai, saboda haka a lasifika take kunnawa, ɗanta yana goye a bayanta. Yanzu yaron ya isa magana, amma ko "Mama" bai taɓa cewa ba. In ya ga ayaba sai ya yi gurnani. Rannan da mai gyaran famfo ya shigo da tiyo, ihun ganin maciji yaron ya yi, ya haye kan kujera.

Injiniya, mijinta, shi ya kai ƙara. Yana zaune a falo ya harɗe ƙafa, yana jiran uwarsa ta yanke hukunci: ko Malama ta ajiye aikin, ko Hajiya ta tafi da jikanta inda zai ji maganar mutane.

Ana haka yaron ya fito daga ɗaki yana murza ido. Ya wuce ubansa kamar ya wuce kujera. Da ya iso gaban Hajiya sai ya durƙusa, ya miƙa mata bayan hannu, yana wani ɗan nishi a jere: "Ah-ah-ah-ah."

"Kin gani ko, Hajiya?" in ji Injiniya. "Abin da nake fama da shi ke nan."

"Angon nawa me yake cewa?" Hajiya ta tambayi Malama.

"Gaisuwa ce," ta amsa a hankali. "Ba kowa suke yi wa ba. Sai wanda ya fi kowa girma a garke."

Hajiya ta gyara zaman mayafinta. Ta dubi yaron, wanda har yanzu bai ɗago ba.

"Kai Injiniya, jikokina na wajen yayarka, da bakinsu da komai, a tsaye suke gaishe ni, ido na kan waya." Ta ɗora shi a cinya. "Ashe biran nan suna da tarbiyya. Ke, kunna mana mu ji."

"Hajiya, maganar aikin fa?" in ji Injiniya.

"Ina zuwa. Shi uban nasa, wace gaisuwa yake masa?"

Malama ta shiga wasa da bakin zanenta. Akwai kukan da yake yi masa kullum da yamma, irin wanda birai ke yi in ɗan garke ya dawo daga yawo hannu rabbana.

"Bai kai nan ba tukuna," ta ce.

Lasifika ta cika falon da ihun daji, yaron ya amsa, Hajiya tana gwada nata a ƙasa-ƙasa. Injiniya ya laluba takalmansa a ƙarƙashin kujera, ya ja ƙofar a hankali.