Tsaba a Tsakar Gida

Tun daga bakin ƙofa Tela ta san an yi mata ɓarna, domin ba kazar da ta taho tarbarta. Kwana goma ta yi a asibiti tana jinyar 'yarta da aka yi wa aiki. Ta dawo da rana tsaka, jaka a hannu, ta tarar da tsakar gida shimfiɗe da masara har ƙarƙashin igiyar shanya. Kwanonin dusa guda uku kuwa an wanke su tas, an kife a kan katanga.

Kajin nan bakwai ba sayensu ta yi ba. Mijinta yana aiki a gonar kajin ƙwai, inda kaza in ta tsufa ko ta kwanta ciwo sai a jefa ta gefe a jira masu kwashe shara. Tela ce ta matsa masa ya riƙa kawo mata su a kwali. Suna zuwa wuya a tsige, ƙafa a lanƙwashe, ba su taɓa taka ƙasa ba. Ita ke wanke musu ido da ruwan gishiri, ta ɗinka wa marasa gashi 'yan riguna da ragowar ƙyalle. Maƙwabta har tsokanarta suke, wai masu kawo ɗinki sun ƙare ta koma auna kaji.

Abu ɗaya ne ba ta iya gyarawa. Tun suna 'yan tsaki ake datse musu baki a gonar don kada su tsattsagi juna a keji, kuma dungun baki ba ya ɗaukar ƙwaya daga ƙasa. Sai an jiƙa dusa an zuba a kwano mai zurfi su nutsa kai su ɗiba. Sau uku ta maimaita wa mijin nan haka ranar da za ta tafi, yana cewa to, to, yana ɗaura agogo.

Shida ta samu a bayan duron ruwa sun cure wuri guda, ƙashin ƙirjin kowacce kamar bayan wuƙa. Ta bakwai, Tsirara, wadda ta zo gidan ba gashi ko ɗaya, Tela ta yi wata huɗu tana ba ta ruwa da cokali kafin ta tsaya da ƙafarta, tana kwance a ƙarƙashin keken ɗinki. Ido a lumshe, tana numfashi da ƙyar.

Tela ko mayafi ba ta cire ba. Ta sauke kwanonin, ta dama dusa da ruwan ɗumi. Shidan suka faɗa wa abincin har suna taka juna. Tsirara ko motsi ba ta yi ba. Tela na durƙushe a kanta maigidan ya shigo cin abincin rana, da fara'arsa.

"A'a, Tela, saukar yaushe? Ya mai jiki?"

"Mai jiki da sauƙi. Ita ai tana da mai ba ta abinci."

Ya dubi kwanonin, ya dubi fuskarta, ya gyara tsayuwa irin ta wanda ya san yana da gaskiya.

"Kin ga, dusar nan taki ƙuda take tarawa, ga wari. Masara na sayo musu, mai kyau, wadda mutum ma zai ci. A gidanmu haka muka tashi, watsa wa kaji ake yi. Kuma suna ci, kullum da safe sai na ga ta ragu."

"Tantabarun maƙwabta ka yi wa kiwo, Maigida. Je ka duba su, har wuyansu ya yi kauri."

"To laifina ne? Abinci a gabansu. Ai dama an ce rashin sani, kaza ta kwana a kan dami."

Nan ne ranta ya gama ɓaci. Da ya ce mantuwa ya yi, da ta haƙura, kowa yana mantuwa. Amma mutum ya bar dabba da yunwa kwana goma, sannan ya zo ya jefe ta da karin magana, wannan kam Tela ba ta ga ta inda za ta haɗiye shi ba.

"Rashin sanin wa? Su sun san masara ce. Kwana goma suna kai baki tana zillewa. Ka taɓa tsayawa ka duba? Ko watsawa kawai kake yi ka hau babur?"

"Shekara goma sha takwas ina aikin kaji, ke za ki koya mini kaji?"

Gaskiya ne, shekara goma sha takwas. A gaban injin datse baki yake zama, ya ɗauki ɗan tsako, ya kara bakinsa a wuƙa mai zafi, ya jefa a kwando, ya ɗauki wani. Dubbai a yini. Daga nan a wuce da su wani ɗaki, shi kuma ba ya sake ganinsu. Ko waɗanda yake kawo mata, a kwali a rufe yake ajiyewa ya wuce wanka.

"Zauna," in ji ta.

"Ana jirana a..."

"Su jira. Zauna ka riƙe ta."

Ya zauna a kan benci. Ta ɗora masa Tsirara a cinya, sai ya ɗago da sauri don rashin nauyin da ya ji. Tela ta lakaci dusa a yatsa tana ƙoƙarin sa mata, tana faɗa ba ta ko kallonsa. Ta ce ita ba ta roƙe shi ya so su ba. Ba ta ce ya wanke musu ido ba, ba ta ce ya share kashinsu ba. Kwano uku, safe da yamma, aikin da bai kai ɗaura agogo ba. Ta ce abin da ya fi ƙona mata rai shi ne wanke kwanonin da ya yi ya kife, wato har ya ga ya gyara mata gida.

Hannunsa ya riga ya yi abin da ya saba: babban yatsa a bayan kai, manuniya a ƙarƙashin maƙogwaro, yadda ake riƙe ɗan tsako a gaban injin. Ya juya bakin kazar wajen haske, ya daɗe yana dubawa.

"An zurfafa yankan nan," ya ce a hankali. "Saman ya kusa kai hanci. Ko a kwano ma da ƙyar take ci."

"Yanzu ka sani."

"Kuma ya karkata dama." Ya shafa wurin da yatsa. "Yankan bahago ne."

Tela ta tsaya da dusa a yatsa. Ta dubi hannun da ya riƙe kazar da shi, na hagu. Su huɗu ne a kan injinan gonar, kuma ta san sauran ukun, ba bahago a cikinsu.

Ta so ya yi musu. Ta so ya ce aiki ne, haka aka sa shi, don ta samu inda za ta sauke sauran abin da ke cinta, domin ko rabi ba ta faɗa ba. Shi kuwa sai ya miƙo hannu ya lakaci dusar da kansa, ya buɗe dungun bakin a hankali ya sa, ya jira. Tsirara ba ta haɗiye ba. Ya sake lakatowa.

"Bari," in ji Tela. "Ta daina numfashi tun ɗazu."