Taku Ashirin da Bakwai

"Ninke takardar nan, Marwan. Zaman makoki muke."

"Kawu, ƙarya direban ya yi."

"Da ka iya lissafi da jarrabawar bak ba ta kayar da kai ba."

Marwan bai ninke ba. Kwana uku ke nan da binne maƙwabcinsu Malam Cha'ibu, mai sayar da rake a bakin tasha. Ya hau saman lodin wata kamiyo, babbar motar kaya, zai je kasuwar Ɗan Barto, motar ta daki kan gada ta tsaya cak, shi bai tsaya ba. Direba ya ce wa jandarma a gudun kilomita talatin yake tafiya. Alhajin da ke da motar ya aiko da buhun shinkafa, dattawan unguwa suka ce kwana ne ya ƙare.

Marwan kuwa ya je wurin da ƙafarsa. Daga gadar zuwa inda aka rufe jinin da ƙasa taku ashirin da bakwai ne, metir ashirin. Tsayin lodin metir biyar. Irin aikin da Mushe, malaminsu, ya sha ba su a makarantar lise ke nan, dutse ya bar kan gini a miƙe, a nemo gudunsa. A aji dutse ne. Nan mutumin da ke sare masa rake kyauta tun yana ɗan makaranta.

"Daga metir biyar komai sakan ɗaya yake yi ya taɓa ƙasa," in ji Marwan, yana ɗaga murya duk zauren ya ji. "Metir ashirin cikin sakan ɗaya. Saba'in da biyu ke nan a awa, Kawu, ba talatin ba."

"To, Mushe, mun ji," wani ya ce. Aka yi 'yar dariya.

Kawu Illa ya riƙo hannun rigarsa. "Lissafinka zai tashe shi?"

"Gobe motar za ta sake lodi. Da wannan direban."

Aka taɓa labulen cikin gida. Rakiya ce, matar marigayin, ba a ganin komai sai yatsun ƙafarta.

"Marwan."

"Na'am, Inna."

"Sakan nawa ka ce?"

Ya ji daɗi, yau dai wani ya saurara. "Ɗaya, Inna. Ɗaya tak."

 Kawu Illa ya sunkuyar da kai, ya shiga jan carbi da sauri.

"Yaya Illa, kai ka ce mini fasinjoji sun ji ya cika da shahada tun bai kai ƙasa ba."

Marwan ya dubi takardarsa. Babu kuskure ko ɗaya a ciki.

"Ni ban yi lakkwal ba, ban san boko ba," in ji ta daga bayan labule. "Ku da kuka sani ku gaya mini. Sakan ɗaya ya isa mutum ya yi shahada?"