Aron Bango

Ido ɗaya Sadanand Lele ya manna a tsagin ƙofarsa lokacin da aka kama shi. Shi dai bai taɓa kiran abin leƙe ba, kula da maƙwabta yake ce masa. Matarsa Mangala tana da nata sunan da ta raɗa wa halin, amma ba ya faɗuwa a gaban baƙi.

A gaskiya abin da ke faruwa a tsallaken matattakala ya isa a leƙa. Ƙofar gidan Tambe a buɗe take. Tsohon, wanda duk benen ke kira Kaka Tambe, yana kwance a ƙasa, ƙafafunsa biyu a miƙe jikin bango kamar tsani. Wata mace mai farin gilashi ta durƙusa tana cusa masa bargo a ƙarƙashin ƙugu. Matarsa, Kaku Kusum, tana tsaye a kansu da ludayi a hannu, tana cewa muddin tana numfashi ba za a yi wannan kwanciya a gidanta ba.

Tsohon ya karkato da kai, ya hango idon da ke tsagi.

"Sada," ya ce, "in ka gama kallo da ido ɗaya, fito da ɗayan. Aron bango nake nema."

Lele ya fito yana gyara ɗaurin zanensa, da fuskar wanda dama hanyarsa ce ta biyo.

Kowa a benen ya san ciwon Kaka ya yi nisa. Likitoci a nan birnin Pune na Indiya sun yi iya nasu, sun ba shi magani, sun sallame shi gida. Ƙafafu sun kumbura, baya ya hana shi sakat, barci ya ƙaurace masa. Likitan ne da kansa ya haɗa su da wannan mata, Malama Vasudha, mai koyar da yoga ga marasa lafiya. Ta gaya musu tun farko cewa ita ba ta warkarwa, kuma kada a ajiye ko ƙwaya ɗaya saboda ita. Aikinta kawai ta koya wa jiki ya daina kokawa da zafin, ko barci ya sami ƙofar shiga. Abin da take buƙata bargo ne da bangon da babu komai a jikinsa.

A nan aka sami matsala. Bango ɗaya kabad ɗin ƙarfe ya cinye shi, ɗaya taga ce, ɗaya kuma nan allolin gidan suke zaune a kan kantarsu, ba a nuna musu tafin ƙafa. Wanda ya rage, in ji Kaku, bangon kudu ne. Kudu kuwa gidan Yama ne, mai ɗaukar rai, gawa kaɗai ake kwantarwa ƙafa kudu.

Malama Vasudha ta ce ai kujera ma za ta wadatar. Kaka ya yi farat ya ce kujerunsu duk girgiɗi suke yi. Gidan Lele dai madubin nasu ne, don haka bangonsa na ƙurya arewa yake kallo, ko ba haka ba? Kaku ta tsaya ta auna a ranta, ta juya ludayin hagu da dama, ta ce haka ne.

Ba a tambayi Lele ba. Da aka gama magana ne aka gode masa.

Tun daga ranar, da an ci abincin rana sai a ji takun sandar Kaka. Kaku ke rako shi har bakin ƙofa, bayan ta mulke masa dugadugai da man riɗi, ta bar wa Lele umarni kamar mai ba da ajiyar jariri. Lele na da tabarmar yoga da ya saya shekarun baya, lokacin da likita ya kalli tumbinsa ya girgiza kai. Mangala ta kakkaɓe barkonon da take shanyawa a kanta, aka shimfiɗa wa baƙo.

Lele ya tsaya ya ga sirrin abin, sai ya tarar babu wani sirri, wannan kuwa ya ɓata masa rai. Ana ɗora wa tsohon ƙullin shinkafa a kan ciki, a rufe masa ido da ƙyalle. Ya ja numfashi ƙullin ya tashi, ya saki a hankali ƙullin ya sauka, fitar ta fi shigar tsawo. Wani lokaci ya rufe baki ya yi gunji can cikin maƙogwaro kamar ƙudan zuma. Shi ke nan. Lele ya tambayi Malama ko akwai wasu kalmomi da ake karantawa a ɓoye, ta ce babu. Ya tambaya ko dole sai irin wannan shinkafar, ta ce ko wake ne ya yi. Ya ce to ina zafin yake tafiya?

"Ba ya tafiya ko'ina," Kaka ya amsa daga ƙarƙashin ƙyalle. "A da shi ne mai gida, ni ne ɗan haya. Yanzu mun raba ɗaki."

Da Malama ta ga sun gane kan abin, sai ta koma zuwa jefi-jefi, ta bar wa Lele aikin ɗora ƙulli da zaman gadi. Shi ma Lele ba barcin kirki yake samu ba tun da aka yi masa ritayar dole daga ofis, ko da yake ya sha gaya wa mutane cewa masu zurfin tunani dama ba su cika barci ba. Ran nan, don dai ya gano ko tsohon ƙarya yake yi, ya kwanta a gefensa ya ɗaga nasa ƙafafun. Abin da ya sani bayan haka shi ne Mangala tana taɓa shi da tsintsiya, rana ta yi sanyi, Kaka kuma yana zaune yana shan shayi.

"Mai gadi ya tashi," in ji tsohon.

Haka suka ci gaba, katti biyu kwance ƙafa sama, Mangala na tsallake su da kwandon wanki tana cewa ta auri mutum ɗaya, ga shi an ba ta jemagu biyu. Man riɗin ya bar tabo biyu a farin bangonta, nan ma ta yi magana.

Abin da ya tsaya wa Lele a rai shi ne yadda Kaka ke yin barci a nan cikin ɗan lokaci, alhali ta bango yana jin tarinsa da juye-juyensa a can gidan. Ya saƙa dalilai iri-iri. Ko fankarsa ce ta fi laushin iska? Ko da gaske arewa na da wani abu? Da haƙurinsa ya ƙare sai ya tambaya.

Kaka ya ja numfashi, ƙullin ya hau ya sauka. Sannan ya ce Kusum ba ta barci. Da ya rufe ido sai ya ji ƙarar awarwaronta tana matsowa, ta kawo yatsa ƙarƙashin hancinsa. In numfashin ya yi sanyi sai ta girgiza shi ta tambaya ko yana son ruwa. Don haka ya koyi jan numfashi da ƙarfi yadda za ta ji daga kicin.

"A can numfashi aiki ne, don ita nake yi. A nan kuwa ko na mutu, sai ka gama minsharinka za ka sani."

Lele ya ce wannan zagi ne.

"Yabo ne, ɗan nema. Ita ma na ji an ce tana ɗan runtsawa in na fito. Gyara mini ƙullin, ya zame."

Da damina ta kankama, tsallake matattakalar ya zama tafiya. Gwiwoyin tsohon suka daina miƙewa, Malama ta ƙara masa matashi, dugadugan suka riƙa sauka ƙasa-ƙasa a jikin bangon. Likita ya ƙara ƙarfin magani. Wata rana Lele ya shimfiɗa tabarma, ya ajiye ƙulli, ya jira takun sanda har shayi ya huce. Ya je ya manna ido a tsagi, sai ya ji kunyar kansa, ya buɗe ƙofar ya tsallaka.

Kaka na kan gado, hannunsa ɗaya a kan ciki inda ƙullin ke zama. Malama ta ce masa yanzu wannan ma ya isa. Kaku na zaune a bakin gadon tana masa fifita.

"Kun ji, ga maƙwabcinku," ta ce wa mijin, don ba ta taɓa kiran sunansa ba.

Ya buɗe ido ya tambayi Lele ko ya yi barcin rana. Lele ya ce bai yi ba. Tsohon ya ce to ya koma ya yi, bango ba ya son a bar shi zaman banza.

Da safiyar wata Talata, ana yayyafi, mai madara bai ma gama zagaye ba, Lele ya ji awarwaron ya yi ƙara sau da yawa a jere, sannan ya yi shiru.

Maza suka sauko da shi daga gado zuwa ƙasa kamar yadda ake yi. Kaku da kanta ta nuna musu inda za a juya ƙafafun, wato bangon nan da ta hana. Aka kunna fitilar mai a wajen kansa, aka sa masa ganyen tulsi mai tsarki a baki. Mata suka kewaye ta a ƙofar kicin.

Guruji, malamin da zai jagoranci jana'izar, ya iso da lema a jiƙe. Ba ɗan unguwar ba ne. Ya dubi gawar, ya dubi tagar da wani dogon bene ya toshe, ya ciro wayarsa ya buɗe allurar nuna arewa da kudu, ya shimfiɗa ta a tafin hannu yana jujjuyawa. Lele, wanda ba a taɓa ciro waya a kusa da shi bai leƙa ba, ya leƙa.

"Wa ya kwantar da shi haka?" Guruji ya tambaya ƙasa-ƙasa. "Ai nan arewa ce. Kudu ga ta can." Ya nuna ta ƙofa, ta tsallaken matattakala, har cikin falon Lele.

Lele ya ce wataƙila wayar ce ta sha ruwa. Guruji ya girgiza ta, allurar ta koma inda take. Nan take lissafin ya warware wa Lele. A tsohon gidan da aka rushe aka gina wannan benen, tagar kicin ɗin Kaku gabas take kallo. Da aka ba su sabon gida sai ta shigo da gabas ɗinta tare da tukwane, ta ajiye ta a sabuwar taga, wadda yamma take kallo. Rana kuwa ba ta taɓa leƙowa ta ƙaryata ta ba.

Labari ne irin wanda Lele kan yi sati yana rabawa hawa-hawa. Ya ji shi yana masa ƙaiƙayi a harshe. Guruji ya naɗe hannun riga zai kira maza a juya gawar, sai Lele ya riƙe masa gwiwar hannu.

"Guruji, a bar shi haka. In an sauka ƙasa wajen makara sai a gyara."

"Ba daidai ba ne."

"Na sani. Ku dubi matar."

Guruji ya dube ta. Ya mayar da wayar aljihu, ya ce a kawo ruwa.

Bayan an dawo daga wurin ƙona gawa, kowa ya yi wanka, Kaku ta aika a kira Lele. Goshinta babu jan ɗigon matan aure, hannuwanta babu awarwaro, shi ya sa bai ji fitowarta ba. Ta miƙa masa ƙullin shinkafar ta ce ya riƙe. Ta ce ta san mutane na mata kallon tsohuwa mai taurin kai, amma ko ba komai ta tsare masa abu ɗaya: har ya bar duniya bai taɓa kwana ƙafa kudu ba, kuma Sada ne ya taimake ta.

Lele ya ce ai bango ne kawai, Kaku.

Mangala ta so a yi fenti kafin bikin fitilu, ya ce a bari sai baɗi. Da rana ya shimfiɗa tabarmar, ya tsaya yana kallon tabban man riɗin, bibbiyu, suna gangarowa daga sama kamar sawun wanda ya sauko tsani. Ya yi tunanin ja da tabarmar zuwa wani bangon, sai ya tuna duk kabad ne da kalanda. Ya kwanta, ya ɗora dugadugansa a kan na can sama, ya sa ƙullin a ciki, yana ta juya tambaya ɗaya: shin tsohon ya sani?

Kaka Tambe dai, kafin ya yi ritaya, aikin safiyo yake yi. Shi ya auna filin da aka gina benen a kai.