Muryar Mama Bernice a Kaset ɗin Disko

Tamar tana dawowa daga makarantar da take koyarwa, ta bi ta layin masu kaset a kasuwar Kafanchan. Sifikar shagon Romanus tana zuba wani kiɗan disko na Turawa, irin wanda inji ke bugawa, samari suna rawa a bakin kwata. Can cikin kiɗan wata mace ta ɗaga murya da yaren ƙauyensu Tamar. Ta faɗi 'yan kalmomi, aka datse, ta sake faɗa, aka sake datsewa.

Kukan makoki ne, wanda uwa take yi a bakin kabarin ɗanta.

"Romanus, kashe abin nan."

"Ah-ah, Tisa. Shi ne yana tafiya yanzu. Daga Jamus ya zo, ta Onica." A Kafanchan aka haifi Romanus, ubansa ma'aikacin jirgin ƙasa ne.

"To mayar da shi baya. Rage gangar."

Ya murɗa wani maɓalli, gangar ta yi sanyi. Tamar ta kanga kunnenta da sifika. A bayan muryar akwai ƙarar ƙarfe, dusasshiya. Ta san ta. Guntun ƙarfen layin dogo ne da ke rataye a mangwaron cocin ƙauyensu, ya tsage tun tana yarinya, shi suke bugawa a madadin ƙararrawa. Muryar kuma ta Mama Bernice ce, yayar mahaifinta, ranar da aka binne ɗanta Meshak a 1987, bayan maciji ya sare shi a gonar citta.

Ta karɓi kwalin kaset ɗin. An rubuta sunayen Turawan da suka haɗa kiɗan. Har injin da suka yanka muryar da shi an rubuta sunansa. Ita kuwa mai muryar, abin da aka sa mata da Turanci shi ne "muryar Afirka".

Duk Juma'a Mama Bernice take kawo citta wannan kasuwar, ga ta da hawan jini. Tamar ta ƙudura ba za ta bari ta ji ba.

"Ni dai zan kashe nawa," in ji Romanus, ya daina dariya. "Amma na yi dobin, na kwafi da yawa. Direbobi sun saya, masu biya-fala, gidajen giya, sun saya."

Washegari ta hau motar hanyar Kachia zuwa ƙauye. Ta tuna ranar jana'izar akwai wani Bature da jaka a kafaɗa, tsaye kusa da Baba Azariya, ƙanin mahaifinta, dattijon ikilisiya. Ta sami Baba Azariya a tsakar gida yana gyaran fartanya, ta tambaye shi wane ne Baturen.

"Brada Simon ke nan," ya ce. "Mutumin kirki. Waƙoƙin yabo yake tarawa. A gidana ya sauka, sai rasuwa ta faɗo. Zan bar baƙo shi kaɗai a ɗaki?"

"Ya tambayi Mama kafin ya kunna rikoda?"

"Ana tambayar mai kuka? Ni ya tambaya."

"Kai kuma ka ce to."

"Baƙon da ya ci tuwona ya roƙe ni abu a gaban jama'a. Ke da kika yi karatu, koya mini yadda ake ce masa a'a."

"Baba, Simon wa? Daga wane gari?"

Bai sani ba. Ba wanda ya tambaya, domin tambayar baƙo asalinsa rashin kunya ne a wajensu. A nan sawun ya ɓace. Tsakanin jakar Brada Simon da injin Jamus, Tamar ba ta da abin kamawa.

"Rawa ake yi da shi a gidajen giya, Baba."

"Ki gode wa Allah, yarinya. Muryar gidanmu ta kai Turai."

Ta roƙe shi ya hana Mama zuwa kasuwa ko na wannan makon. Ya ce shi ba zai iya hana yayarsa neman abincinta ba, a bar wa Ubangiji. Tamar ta fito ba sallama. Haka mutanenta suke. A kwashe musu abu a idonsu, su ce albarka ce.

Ta bi shagunan kaset ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka yi alkawari, wani ya ce ta je Jamus ta kai ƙara. Ranar Juma'a ta bar aji ta tsaya a tasha, da niyyar ta zaga da Mama ta bayan kasuwa.

Ana sauke buhun cittar Mama Bernice daga mota, wata bas ta shigo da kiɗan a ƙure.

Mama Bernice ta tsaya. "Wace ce wannan?"

"Mama, mu je, rana tana yi."

"Sake ni." Ta saurara, muryar ta taso, aka datse, ta sake tasowa. "Ni ce. Me ya hana ta kai sunansa?"

A ƙauyensu, in an fara wannan kukan ba a ajiye shi sai an kai ga sunan mamaci. Sun ce in an tsaya a tsakiya, shi ma a tsakiyar hanya yake tsayawa. Turawan sun ɗauki farkon ne kawai, inda muryar ta fi daɗi.

Tsohuwar ta gyara zani, ta ɗauka daga inda aka datse. Muryarta ta tsufa, ba ta iya danne sifika. Tamar ta tsallaka ta buga ƙofar bas da tafin hannu har direba ya kashe. 'Yan kamasho suka juyo suna kallo. Mama Bernice ta ja kukan har ta kai Meshak, ta kira shi, ta share baki.

"Irin wannan kaset ɗin guda nawa ne?"

"Da yawa, Mama."

"Duk inda aka sa, ba mai ƙarasawa?"

"Babu."

Ta zauna a kan buhun cittar, numfashinta yana fita da ƙyar. Tamar ta ce su tafi asibiti a gwada jininta. Ta girgiza kai, idonta a kan ƙofar tasha, inda wasu motocin suke shigowa.

"Je ki aikinki," ta ce. "Za su sake sawa."