Ranar da Na Ɗauki Ajin Yamma a Ka

Daren jiya na yi wani mafarki, har yanzu kafaɗuna ba su daina ciwo ba.

Bari in fara da abin da na kwanta da shi a rai. Ni ne wakilin 'yan kasuwa a majalisar gudanarwa ta kwalejin garinmu, mu goma sha ɗaya ne. Yau za mu zauna a kan ragowar kasafin bana: ko a gina sabuwar ƙofa mai tayil da allon marmara ɗauke da sunayenmu, ko a bar ajin yamma, inda magidanta da matan aure ke koyon gyaran famfo da haɗa wutar sola bayan sun taso daga nema. Kuɗin ba zai ɗauki biyun ba. Biyar suna nan, biyar suna can, saura ni. Ni kuwa tuni na ce wa shugaban majalisa, Alhaji Barau, ya kwantar da hankalinsa. Ba zan ɓoye muku ba, ina son in ga “Alhaji Cindo” a jikin marmara.

To, sai ga ni a bakin kwalejin da rana tsaka. An riga an gina ƙofar, tana ta sheƙi, tana kiwo a gefen titi da ƙafafunta huɗu. Na yi mata sallama, ta amsa da baki cike.

“Ina katangar?” na tambaye ta.

“Da ita na karya,” in ji ta. “Kai ne na goma sha ɗaya? Wuce, ana jiranka. In ka haɗu da laburare ka ce ina nemansa.”

Ban ga abin mamaki a ciki ba. Na cire takalmana, suka yi gaba suka bar ni.

Sai ga ni a zauren majalisa, can ƙarƙashin ƙasa. Babu kujera ko ɗaya, rufin kuma ba shi da ginshiƙi, 'yan majalisar ne ginshiƙan. Kowa da gammo a ka, hannu biyu a sama, sun tallafe shi. A saman rufin ajin yamma ne, ana jin jan benci da tarin malami. Wata zabuwa mai tabarau, ita ce sakatariya, ta miƙo mini nawa gammon.

“Kusurwar gabas,” ta ce. “Ban da atishawa.”

Na shiga na kafa kai. Wayyo Allah! Na yi dakon buhun gero a kasuwa ina saurayi, amma wannan ya sa na tuna duk shekarun da na yi ina cin mai.

A tsakiya, inda nauyin ya fi taruwa, Dakta Tasalla ce tsaye, shugabar kwalejin. 'Yar siririyar mace, wadda a farke na sha ce mata mai taurin kai, don tun da ta zo ta soke mana kazar taro ta koma ba mu gyaɗa da ruwan leda. Gammonta ya siɗe ya zama kamar ɓawon albasa. Da kai kawai take riƙe da rufin, hannuwanta na kan wani aiki. Akushi ne a gabanta da malmalar tuwo guda ɗaya, shi ne kasafin bana, tana yanka shi da zare.

“Na albashin malamai,” ta ce, ta cilla sama, ya ratsa rufin ya wuce. “Na man janareto. Na alli. Na gyaran banɗakin mata.”

Ba ta yanka ko ɗaya a karkace ba. Daga ƙarshe loma ɗaya ta rage, ba ta fi ƙwan kaza ba.

“Hajiya, naki fa?” na ce.

“Na ci bara.”

Wani ya taka a sama, ta ɗan karkata kunne. “Gambo ne, ya makara, ya tsaya facin taya.” Wani takun kuma. “Wannan Asabe ce, ta zo da goyo, a matsar mata da benci kusa da taga.” Ɗari uku da wani abu ne a kanta, kowa da takunsa ta san shi. Ni kuwa yaran shago huɗu kacal gare ni, amma ina kiran wannan da sunan wancan.

“Me ya sa kusurwata ta fi ta kowa nauyi?”

“Marka ce a kanka,” ta ce. “Abin da ɗalibi bai gane ba tukuna, shi ne nauyin. Yana ganewa sai ya tashi.”

Na san Marka, maƙwabciyarmu ce, mai suyar ƙosai a bakin layi. Shekara arba'in da shida, 'ya'ya biyar, miji ya rasu. Sau biyu tana faɗuwa jarrabawar haɗa bututu, yau na uku.

Sai ƙofar nan ta zuro kai ta taga tana shinshine-shinshine.

“Wannan lomar tawa ce,” ta ce.

Alhaji Barau ya gyara murya. A can, tunda hannun kowa a sama yake, da saukewa ake ƙuri'a.

“Masu son ƙofa su sauke hannu.”

Biyar suka sauke. Wani ya yi miƙa, wani ya zaro waya ya fara duba saƙo. Rufin ya yi ƙara ya karkace, muka ji alli na gangarawa, benci na bin sa. Wuyan Dakta Tasalla ya nutse da taƙi guda. Ba ta harari kowa ba, ƙafa kawai ta gyara. Kunya ta kama ni, girman matar nan kuma ya cika mini ƙirji.

“Alhaji Cindo,” in ji Alhaji Barau, “mun fa yi magana.”

“Mun yi, ranka ya daɗe.”

“Kai ne na uku a marmara. Da ruwan zinare.”

Ƙofar ta wangame baki ta nuna mini. Ga sunana a kan harshenta, haruffan na tafiya a jere kamar tururuwa. Wallahi ya yi kyau. Hannuna na hagu ya fara saukowa da kansa ba tare da ya shawarce ni ba. Rufin ya tsage daidai kaina, ta tsagar na hango dunduniyar Marka, duk kaushi, cikin silifas ɗin da aka ɗaure da waya. Ba ta san da wani a ƙarƙashinta ba.

“Malam, a ƙara mini minti ɗaya,” na ji tana cewa. “Na kusa.”

Na saci kallon Dakta Tasalla, ina jiran ta roƙe ni in samu abin yin fushi. Ba ta roƙa ba.

“Alhaji,” ta ce, “in za ka sauke, ka faɗa mini in matso.”

Wato tawa kusurwar ma za ta haɗa da tata. Na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Na mayar da hannun, na ƙara danna kai.

“Ranka ya daɗe, hannun ya ƙi.”

Zabuwa ta rubuta da baki, shida da biyar. Dakta ta cilla lomar sama. Muka ji sifana ta yi ƙwas, sai ruwa ya zo, ya tashi tsaye ya nufi gajimare. Marka ta rangaɗa guɗa. Nan take ajin ya yi sakayau, ya ɗaga, ya ɗauke mu muna reto a ƙarƙashinsa kamar shanya. Muka bi ta kan kasuwa, ta kan tasha. Can ƙasa na hango ƙofar ta zauna a gindin bishiya tana gaigayar allon marmararta.

Dakta Tasalla ta cire gammo, ta sosa kai sau biyu.

“Saura ɗari uku da goma sha biyu,” ta ce, ta mayar da shi.

Ƙwan. Ƙwan. Ƙwan.

Na buɗe ido, gari ya waye sarai. Sifana ce ake bugawa a jikin bututu a tsakar gidana, wajen famfon da ya yi wata biyu yana ɗiga ina cewa gobe. Na ji muryar Ladidi, matata, da wata muryar da ban daɗe da rabuwa da ita ba, ta Marka.

“Riƙe mini nan, Hajiya. Yauwa, ya daina. A'a, bar kuɗinki, ai ban samu takarda ba tukuna. Jarrabawar sai watan gobe, in ba a rufe mana ajin ba.”

Ladidi ta ɗaga labule ta tsaya tana kallona.

“Alhaji, lafiya? Sauke hannuwan nan mana, tun asuba suke a sama.”

Na dube su, suna nan inda na bar su.

“Ƙyale su,” na ce. “Sai bayan taro.”