Minti Biyun Sista Agogo

Sati uku ina bin Sista Agogo a ɗakin maza marasa lafiya, abu ɗaya yana ci mini tuwo a ƙwarya. A makarantar koyon jinya an koya mana cewa minti ɗaya ake yi ana ƙirga bugun jini. Ita kuwa in ta kama tsintsiyar hannun mutum sai ta cika minti biyu cur, ta yi tsit kamar mai sauraron rediyo. Agogon da ke maƙale a ƙirjin rigarta, wanda ya ja mata wannan suna, ba ya ƙarya, ni ma na sha auna ta da nawa a ɓoye.

Na tambayi 'yan ajinmu. Wata ta ce addu'a take yi, wata ta ce tsufa ne, lissafin ke ɓace mata sai ta sake. Ni ban yarda ba. Matar da ke hango ƙullin zanen gado da bai yi daidai ba tun daga bakin ƙofa, ita ce ƙirge zai ɓace wa?

Ranar da na daure na tambaye ta, ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "Ke hannuna kike kallo, shi ya sa."

A gado na bakwai akwai Baba Tela, ciwon huhu ya kwantar da shi kwana tara. Jikata yake ce mini, kullum kuma sai ya kushe ɗinkin rigata. Likita ya ce in awon safiyar Laraba ya yi kyau, za a sallame shi. Tun kafin mu iso ya sa 'yarsa ta haɗa jaka, ta jera masa takalma a gefen gado.

Ni aka ba awon. Na duba zafin jiki, na ƙirga bugun jini, na saki hannunsa, sannan na ce masa cikin ladabi yadda na saba, "Baba, yanzu zan ƙirga numfashinka."

"Bismillah, jikata." Ya gyara zama kamar za a ɗauke shi hoto. Numfashi a hankali, tsaf. Goma sha takwas. Na rubuta ina murna, don wallahi ina son tsohon nan ya tafi gida.

Sista ta karanta takardar, ta dubi Baba, ta dube ni. Ta kama hannunsa. Wannan karon na bar hannun, na bi idonta. Minti na farko yatsunta ne ke aiki. A na biyu yatsun suna nan a wurin, amma idon ya sauka kan maɓallin rigar Baba, wanda ke hawa da sauka da sauri. Ashe numfashin take ƙirgawa, shi kuwa yana zaton har yanzu jini ake dubawa, don haka bai gyara numfashinsa ba.

"Zo ki sake jin bugun," in ji Sista. "Ban gamsu ba."

Na kama hannun. Na gama minti ɗaya, ban saki ba. Kunya ta rufe ni, ji nake kamar ina laluben aljihunsa. Numfashi talatin.

"Yaya, jikata?" Ya yi murmushi, ƙafarsa ɗaya har ta fara neman takalmi. "Ai na warke ko?"

Sista ta miƙo mini biro. Na ja layi a kan sha takwas, na rubuta talatin, na sa hannu. Ni da bakina na ce, "Baba, sai likita ya sake ganinka."

Hoton ƙirji ya nuna ruwa ya taru a gefen huhunsa na dama. Aka mayar da jaka ƙarƙashin gado. Kwana biyu Baba bai yi mini magana ba, in na zo sai ya juya fuska bango, abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

A rana ta uku, bayan an zuƙe ruwan, na iso da takardar awo. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya miƙo hannun da kansa, ya rufe ido.

"Riƙe, ɓarauniya," ya ce. "Kada ki gaya mini lokacin da za ki fara."